Ina Legas, ina zamiyar ƙanƙara sau ɗaya a shekara: hawan duwatsu da jakar goyo zai gyara min ƙafa?

Ƙanena, ga yadda na fahimci tambayarka. Ka koyi zamiyar ƙanƙara, wato gangarowa daga dutse mai ƙanƙara da dogayen alluna ɗaure a ƙafa, lokacin da kake karatu a Turkiyya, aiki ya dawo da kai Legas, kana zaune a Agege, kuma sau ɗaya kake samun komawa dutsen Erciyes na Kayseri a shekara, cikin watan Janairu. Duk zuwan da ka yi, tun rana ta biyu cinyoyinka ke mutuwa, sauran kwanakin hutun su ƙare a ɗingishi. Abokinka ya ce ka ɗauki hutun Satumba ka je dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya da jaka a baya, wai babu horon da ya kai wannan. Kana so ka ji ko gaskiya ne kafin ka zuba kuɗinka.

Akwai gaskiya a maganarsa. Manyan masu wannan wasa sun daɗe suna yin haka: Kilian Jornet, ɗan ƙasar Sifen, ya yi shekaru yana tseren hawan duwatsu da allunan zamiya a lokacin sanyi, idan ƙanƙara ta narke kuma ya koma gudu a kan duwatsun da ƙafa. Sai dai abokinka yana kallon hawa ne, ni kuwa da aikina gyaran gaɓoɓi ne da horar da masu wasanni, saukowa nake kallo. Amfanin da kake nema yana cikin gangare.

Idan kana hawa matakala, tsokar gaban cinya tana tsukewa ta ɗaga ka sama. Idan kana saukowa ita ce dai ke aiki, amma a wannan karon tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyinka, tana hana gwiwa ta lanƙwashe gaba ɗaya. Birki ke nan, irin wanda direban tirela ke riƙewa a gangare da kaya cike a baya. Zamiyar ƙanƙara kuwa daga farkonta har ƙarshenta aikin birki ce. Na'ura ce ke kai ka sama kana zaune, naka shi ne saukowa, gwiwa a lanƙwashe, kowace kwana ƙafar waje ta karɓi nauyi ta riƙe, ta saki, ɗayar ta karɓa. A kwana mai sauri nauyin da ke sauka kan ƙafa ɗaya yakan wuce nauyin jikinka duka, ga masu tsere ma har ninkawa yake yi. Irin wannan aiki yana yi wa zaren tsoka ƙananan raunuka, shi ya sa tsamin ba ya zuwa a ranar, sai washegari ko jibi, tsakanin awa 24 zuwa 72. Rana ta biyun da kake kuka da ita ke nan. Abin daɗin shi ne tsoka tana koyo da sauri. Da zarar ta ɗanɗani irin wannan wahala sau ɗaya ta warke, karo na biyu ɓarnar ba ta kai ta farko ba, kuma kariyar tana ɗaukar makonni kafin ta fara raguwa. Keke da na'urar gudu duk suna da kyau ga zuciya, amma kaɗan suke taɓa wannan birki.

To da wannan ma'auni mu auna Kilimanjaro. Tsayinsa mita 5,895, dutse mafi tsawo a Afirka, kuma duk wanda ya taka ƙololuwar Uhuru ya yi abin alfahari. Amma dokar wurin ba ta barin mutum ya hau shi kaɗai, dole sai da ɗan jagora, kuma 'yan dako ne ke ɗaukar tanti da abinci da babbar jakarka. Abin da zai rage a bayanka ƙaramar jaka ce mai ruwa da rigar sanyi. Kwana biyar ko shida ana tafiya a hankali ƙwarai, 'yan jagora suna ta maimaita "pole pole", wato sannu-sannu da Suwahili, domin iska ta yi ƙaranci. A ƙololuwa, iskar da kake shaƙa a numfashi ɗaya kusan rabin ta bakin tekun Legas ce. Jiki yana wahala, amma wahalar ƙarancin iska ce, ƙafa ba ta samun aikin da zai gina ta. Barci ba ya daɗi, abinci ba ya shiga, da yawa sukan dawo sun rame har da tsoka. Saukowa mafi tsanani a rana ɗaya ake yin ta, daga Uhuru zuwa sansanin Mweka, fiye da mita 2,500, kuma ana yin ta ne bayan an kwana ana hawa tun tsakar dare, ƙafa ta riga ta gaji. A nan ne gwiwoyi ke lalacewa. Idan burinka ka ce ka hau Kilimanjaro, je ka hau, ina taya ka murna tun yanzu. Idan burinka cinyar da za ta ɗauki mako guda a Erciyes, kuɗin ya fi amfanin yawa.

Inda zan tura ka shi ne duwatsun Atlas na Maroko. Jirgi yana tashi daga Legas kai tsaye zuwa Kasablanka, daga can ka shiga jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, sai mota ta kai ka ƙauyen Imlil cikin kamar awa ɗaya da rabi. Imlil yana kan mita 1,740. Daga nan hanya ta bi ta Sidi Shamharush, inda ake ganin wani ƙaton dutse da aka shafa wa farin fenti, ta kai masaukin da ke wajen mita 3,200, sannan ƙololuwar Tubkal a mita 4,167, mafi tsawo a arewacin Afirka. Yawancin baƙi kwana biyu suke yi su gama. Kai kada ka yi haka. Nemi ɗan jagora, wanda yanzu dole ne a wurin, ka ce masa zagayen kwana biyar zuwa bakwai kake so, ta kwarin Azzaden ko ta tafkin Ifni, inda kullum za ku haye wani mashigi ku gangara wani kwari. Za su ce alfadari zai ɗaukar maka kaya. Bar wa alfadari abinci da kayan kwana, kai ka riƙe kilo takwas zuwa goma a bayanka. Da haka kowace rana kana samun saukowar mita ɗari bakwai zuwa dubu a kan hanya mai tsakuwa, dutse yana motsi ƙarƙashin takalmi, idon sawu da ƙugu suna gyara tsayuwa ba tare da ka umarce su ba. Wannan gyaran tsayuwar shi ne amfani na biyu da dutse ke bayarwa, kuma babu na'urar da ta iya kwaikwayonsa. Ga shi ƙauyukan Musulmi ne, kana jin kiran salla, abincinsu ba ka buƙatar tambaya a kansa. Satumba zuwa farkon Oktoba lokaci ne mai kyau. Bayan nan ƙanƙara na iya rufe saman Tubkal, hawan ya koma na masu ƙarafan takalmi da gatarin ƙanƙara, wanda sana'a ce dabam.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan amsa, kuma littattafan hawan dutse na Turawa ba su cika tsayawa a kansa ba domin ba matsalarsu ba ce. Ka san rukunin jininka na sikila? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma mafi yawansu lafiya lau suke rayuwa, wasu ma sai wajen gwajin aure suke sani. Amma a inda iska ta yi ƙaranci, ga gajiya, ga ƙishirwa, ga sanyi, ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini na saifa, wani sashe nata ya mutu. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗar hagu, da tashin zuciya da zazzaɓi. Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ƙaƙƙarfan mutum da ke cikin ganiyarsa, ya gamu da wannan a 2007 bayan wasa a birnin Denver, wanda tsayinsa mita 1,600 ne kawai, har sai da aka cire masa saifa. Abin ba ya samun kowane mai AS, kuma akwai masu AS da suka hau manyan duwatsu suka sauko lafiya. Amma kada ka ce ai ka saba zuwa Erciyes ba abin da ya same ka. A can kana hawa da na'ura, ka sauko cikin mintuna, ka kwana a ƙasa. Kwana a mita 3,200 bayan yini guda da kaya a baya wani abu ne dabam. Je ka yi gwajin, kowane babban asibiti a Legas yana yi, ba shi da tsada. Idan AA ne, alhamdu lillahi. Idan AS ne, zauna da likitan jini kafin ka sayi tikiti, ka gaya wa ɗan jagoranka, kuma ni shawarata ka zaɓi zagayen kwaruruka da ƙananan mashigai ka bar ƙololuwa. Horon ƙafar da muke nema bai dogara da tsayin dutse ba, gangare dai gangare ne ko a mita 1,500. Wanda yake SS ko SC kuwa, wannan tafiya ba tasa ba ce.

Ko da jininka AA ne, kai mutumin bakin teku ne, kuma ciwon tsauni ba ya duba ƙarfi. Sau da yawa ma samari masu ƙarfi ya fi kamawa, saboda su ke da halin yin sauri. Yakan fara daga wajen mita 2,500: ciwon kai, rashin son abinci, jiri, barci na yankewa. Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce idan ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu ka huta yini guda. Idan ciwon kai ya zo, tsaya a inda kake. Idan ka ga mutum yana tangaɗi kamar mai maye, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali yana zaune, ko tari da kumfa, ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa ko a huhu, kuma maganinsa saukowa nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai ƙwayar Diamox da ke taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne zai rubuta maka bayan ya duba ka. Ka kuma tuna daga ƙasar sauro ka fito. Zazzaɓi a kan dutse na iya zama maleriyar da ka taho da ita daga Agege, kuma ɗan jagora a Atlas ba lallai tunaninsa ya kai nan ba. Ka tafi da abin gwaji da magani a jaka.

Wani abin da abokinka zai ce shi ne tsayin dutse yana ƙara jini, sai ka je Erciyes ba ka haki. Gaskiya ne jiki yana sabawa, amma sabon yana gushewa cikin mako biyu zuwa uku da dawowarka Legas. Daga Satumba zuwa Janairu babu abin da zai rage. Juriyar zuciya ma tana fara raguwa bayan 'yan makonni idan an daina aiki. Abin da zai iya kai ka Janairu shi ne ƙarfin cinya, shi ma sai idan ka ci gaba da ciyar da shi.

Akwai kuma abin da dutse ba zai ba ka ba sam. Mai tafiya gaba yake fuskanta, a hankali. Mai zamiya gefe-gefe yake aiki, da sauri, yana jingina jiki cikin kwana yana danna gefen allo. Tsokokin gefen ƙugu da na bayan cinya su ke riƙe gwiwa kada ta karkata ciki, kuma karkatar nan ce ke tsinka jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL, raunin da masu zamiya suka fi tsoro. Wanda ta tsinke masa aka yi masa tiyata yakan yi wata tara ko fiye kafin ya koma wasa. Ina ganin irinsu, kuma yawanci labarin ɗaya ne: bayan la'asar, ƙafa ta gaji, mutum ya ce bari ya ƙara zagaye ɗaya, nauyinsa ya koma baya, allo ya kama ƙanƙara ya murɗe.

Saboda haka watannin da za ka yi a Legas su ne ainihin horon, tafiyar Maroko ta zo a tsakiya ta ɗora a kai. Garin nan shimfiɗaɗɗe ne, amma ba ya rasa matakala. Akwai na babban filin wasa na Surulere, inda jama'a ke cika da safiyar Asabar, akwai gadojin tsallaka titi na Oshodi da Ojota da Ikeja, akwai benen ofishinku idan masu gadi sun yarda. Sa gorunan ruwa a jakar goyo, lita ɗaya kilo ɗaya ce, lissafin ba wuya. Fara da kashi goma cikin ɗari na nauyinka, ka ƙara kaɗan-kaɗan duk mako biyu, kada ka wuce kashi ashirin. Masu shirin hawan dutse sukan zubar da ruwan idan sun kai sama don su sauko da sauƙi. Kai kada ka zubar, saukowar ce aikinka. Ka sauko a hankali, kowane taku kana ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, ba ƙara, ba dirowa. Idan kana son ganin yadda ake yi, tsaya a kasuwar Mile 12 da asuba ka kalli ɗan dako yana saukowa daga bayan mota ta kan katako da buhun albasa: takunsa gajere, gwiwarsa ba ta taɓa miƙewa sarai, ƙirjinsa yana bisa ƙafar da ke gaba, ba ya jingina baya ko kaɗan. Tsayuwar da malamin zamiya ke ta fama ya koya wa ɗalibai ke nan.

Sau biyu a mako ka ƙara da aikin da dutse ba ya yi. Tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala, ka sauke ɗayar a hankali har diddige ya shafi ƙasa, kana kallon gwiwarka a madubi ko a gilashin taga. Idan ta karkata ciki, rage zurfin. Yi tsallen gefe daga ƙafa zuwa ƙafa, kana tsayawa cak na daƙiƙa biyu a kowace dira, kuma idan ka samu zuwa bakin teku a Lekki, yi shi a kan rairayi, ya fi sauƙi ga gaɓoɓi ya fi wuya ga tsoka. Don bayan cinya, durƙusa a kan tabarma, wani ya danne maka dugadugai, ka tafi gaba a hankali kana riƙe kanka har ka kasa, ka tare da hannu. Biyar sun isa a farko, domin tsaminsa ba wasa ba ne. Zaman jingina da bango da kowa ke yabawa, ni ban ba shi muhimmanci sosai ba. Yana ƙona cinya, mutum ya ji kamar ya yi aiki, amma a kan ƙanƙara ba a tsaye wuri ɗaya kake ba. Abin da ya fi kusa da zamiya a duk Legas shi ne takalmin taya mai layi ɗaya, irin wanda yara ke yawo da shi. Jera robobin ruwa a fili mai santsi da ba mota, sa hular kwano da abin kare gwiwa da wuyan hannu, ka riƙa kewaya su. Danna gefe da sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa kusan iri ɗaya ne. Kada ka raina irin waɗannan dabaru. Kwame Nkrumah-Acheampong na Ghana a wani filin ƙanƙara na cikin gini a Milton Keynes ta Ingila ya koyi zamiya, ya kuma kai gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Vancouver a 2010.

Kafin Maroko, ka gwada kanka a gida. Dutsen Idanre a jihar Ondo yana da matakala fiye da 600, tafiyar ƙarshen mako ce daga Legas. Hau da jakar da za ka tafi da ita, da takalmin da za ka tafi da shi, sau biyu ko uku a yini. Idan takalmin zai ci maka ƙafa, gara ya ci a Idanre. Ana samun takalman hawan dutse masu kyau a gwanjon Katangowa da Yaba, amma duba ƙasan da kyau, tsohon roba yakan ɓare gaba ɗaya a rana ta farko. Sayi mai ɗan fili a gaba, saboda a gangare yatsu suna buga bakin takalmi har farce ya yi baƙi.

Zafin Legas zai yaudare ka game da sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri shida da rabi, ga iska. Kada ka sa auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta sanyaya ka da zarar ka tsaya. Sa kaya hawa-hawa, ka cire idan ka ji ɗumi kafin gumi ya jiƙa ka. Baƙar fata ba ta kare ido, tabarau mai kyau dole ne. Sha ruwa ko ba ka jin ƙishirwa, domin sanyi yana ɓoye ta. Batun alwala da ruwa mai ƙanƙara, da shafa a kan huffi, da kasaru, ka zauna da malaminka kafin tafiya ka ji hukuncinsu dalla-dalla, kada sai kana rawar sanyi a masauki ka fara tunani. Inshorar tafiya kuma ka karanta ta da kanka, da yawa ba sa biyan abin da ya faru sama da wani tsayi, ka tabbata taka ta kai mita 4,200 kuma ta haɗa da kwaso mutum daga dutse.

Idan ka dawo, huta mako guda, sannan ka koma matakala da tsallen gefe har zuwa Disamba, kana ƙara sauri kana rage nauyin jaka. Kwana goma kafin tashinka Kayseri ka yi saukowa mai nauyi ta ƙarshe, daga nan ka sassauta. Ranar farko a Erciyes ka kai allunanka a daidaita maɗaurin takalmi da nauyinka na yanzu, ba na lokacin da kake ɗalibi ba, ka kuma biya malami ko na awa biyu ne ya dube ka. Yawancin waɗanda cinyarsu ke mutuwa da wuri zama suke yi a baya, ƙwaurinsu ba ya taɓa harshen takalmi, sai cinya ta ɗauki aikin da ƙashi ya kamata ya ɗauka. Idan haka kake yi, sai an gyara tsayuwar kafin ƙarfin da ka tara ya yi maka amfani. Ranar farko ka tsaya da azahar, ta biyu da la'asar, kuma duk lokacin da ka ji cinya tana rawa a kan layin na'ura, cire allunan ka sauka da na'urar.